Sarƙar da Muka Ɗaure Ka da Ita

Zuwa ga Yaya Abdu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda mai rai ke yi wa wanda ya riga shi, ina fatan kabarinka ya fi ɗakin da muka ajiye ka yalwa.

Ka tuna ranar da ka sauko daga kamyo, babbar motar kayan nan, ka dawo daga haƙar zinariya, kana toshe kunnuwa wai ana kiran sunanka daga cikin rami? Kafin la'asar unguwa ta gama yanke hukunci: zinariya dukiyar aljanu ce, ka taɓa ba ka yanka rago ba. Aka yanka ragon. Dangi suka ci nama har da guzuri, kai kuwa aka sa maka sarƙa.

Shekara uku kana ɗaure a ɗakin baya, har Allah ya karɓi abinsa. Hayaƙi, rubutu, ga bulalar mai ruƙiyar nan da ke cewa, "Ba shi nake duka ba, aljanin ne." Amma bayanka ne ya farfashe. Asibiti na nan cikin Agadas, bai kai kasuwa nisa ba, Kawu Ila ya ce kai ka can tonon asiri ne, wa zai auri 'yan gidan mahaukaci? Tir da wannan asiri! Har yau ina tuna warin ɗakin, da ƙudajen da ke bin gyambon ƙafarka.

Ga dalilin wasiƙar. 'Yarka Hadiza ta fara. Wata biyu ke nan tana jin muryoyi, ta ƙi abinci wai an sa mata guba. Ran Juma'a na tarar da Kawu a tsakar gida yana shafa wa sarƙarka mai. Ashe ajiye ta ya yi kamar kayan gado! Na ja hannun yarinyar sai asibiti. Lokotoro ya saurare ta, ya ce ciwo ne mai magani. Tana sha. Jiya ta cinye tuwonta tas. Kawu ya daina amsa gaisuwata, can ta matse masa.

Yaya, ban fi su ba. Makullin kwaɗon ɗakin nan a wuyana ya rataya duk shekarun. Ni ke kawo maka fura, in buɗe, in rufe. Kullum sai ka ce, "Rabi, ƙafata." Ni kuma in ce ka yi haƙuri.

Allah ya jiƙan ka, ya ba Hadiza lafiya. Ni kuma ka yafe mini, in ana yafewa daga can.

Ƙanwarka,
Rabi