Gwiwar Hannatu da Gwiwar Dikko

Zuwa ga Babban Likita mai kula da asibitin yankinmu, da duk wanda takardar nan ta faɗo hannunsa.

Ranka ya daɗe, a wane littafi aka rubuta cewa guringuntsin gwiwar ɗan manomi daban yake da na ɗan makiyayi? Ina tambaya ne don ban yi makaranta mai nisa ba. Karatuna tsintarsa na yi a littafin waƙoƙin majami'a da tsofaffin jaridun da ake ƙunshe ƙosai a tashar jirgi. In akwai littafin, a nuna mini shafin, zan iya haɗa baƙi.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, sunana Bitrus. Aikina fasa citta da ɗora buhu a wani ƙauye kusa da Kafanchan. Na ɗauki biro ne saboda wani yaro mai suna Dikko, da ke rugar bayan gonarmu. Gwiwarsa ta ƙage, ba ta miƙewa, an kawo shi asibitinka an mayar da shi da man shafawa. In ba a duba shi ba kafin shanu su tashi neman ruwa, gurgu zai zama, kuma mu muka yi masa.

Na ɗaya. Ga yadda abin ya faru. Mahaifin Dikko, Baba Yero, tun ina yaro yake sauka a gonar babanmu bayan girbi. Shanunsa su ci kara, su bar mana taki. Ko lokacin da gari ya rikice, kowa ya fara duba tsagen fuskar kowa, shi bai canza masauki ba. A ƙarshen daminar da ta wuce ƙanwata Hannatu ta zame a kan dutse da kwandon citta a ka, gwiwarta ta murɗe. Ba a jima ba wani bijimi ya fizgi igiya a hannun Dikko, ƙafarsa na cikin ramin dutse. Sa'o'in juna ne, dukansu ba su wuce shekara goma sha biyu ba. Ciwon iri ɗaya: kumburi, sannan gwiwa ta riƙe a lanƙwashe kamar an sa mata sakata. Maɗori ɗaya ya duba su, ya ce wannan ba karaya ba ce, ya fi ƙarfinsa. Da muka ji likitan ƙashi zai zo daga birni, ni na ɗauke su a bayan akori-kura ɗaya, da mamata da Baba Yero.

Na biyu. Ba kowa ke ganin likitan ƙashi ba, wannan na yarda, shi kaɗai ne kuma yara da yawa. Akwai nas namiji, dattijo, mutumin yankinmu, da ke tsayawa a bakin ƙofa yana tacewa. Yadda yake tacewa shi ne ya kama ƙafar yaro, ya danna, ya murɗa. Wanda ya yi ihu a kai shi bencin dama, wanda bai yi ba a ba shi magani ya tafi gida. Ma'aunin ke nan, Ranka ya daɗe. Ihu.

Hannatu kafin ma a taɓa ta ta fara. Da aka murɗa sai da masu sayar da lemo a waje suka leƙo. Mamata ta ɗora hannu a ka tana kiran Yesu da yarenmu, nas ya amsa mata da yaren, ya ce ta kwantar da hankalinta. Bencin dama.

Aka zo kan Dikko. Ina tsaye, da idona na gani. Aka murɗa ƙafar, zufa ta keto masa har tana ɗiga daga haɓa, ya cusa bakin rigarsa tsakanin haƙora, amma bai yi ihu ba. Nas ya ce, "Da ciwo?" Yaro ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai." Nas ya waiwaya ya ga Baba Yero can gefe yana kallon bango, ya ce, "Kai, ɗanka ne wannan?" Baba Yero ya ce, "Yaron gidanmu ne." Sai nas ya yi dariya ya ce, "Kun gani ko? Uban ma bai damu ba. Su ai ƙashinsu irin na shanunsu ne, gobe za ka gan shi yana tsere a daji."

Na uku, kuma nan ne kunyar take. Da Bature ne ya yi wannan kuskure, ko wani da aka turo daga bakin teku, da na ce bai sani ba. Amma wa ya tashi a ƙasar nan bai san ɗan Fulani ba ya kuka a gaban baƙo ba? Tun yana rarrafe ake koya masa haɗiye zafi. Wa bai san Bafulatani ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya cewa "ɗana ne" a cikin taro, ba ya nuna damuwa a kansa ko da cikinsa na ci da wuta ba? Dikko ɗan fari ne. Mutumin da aka ce bai damu ba, shi ya goyo yaron daga ruga har bakin titi, ya ƙi yarda in karɓe shi. Nas ɗin nan ya sha nonon rugage tun kafin a haife ni. Ya sani sarai. Mu duka da ke layin mun sani.

Ni bakina ba ya riƙe magana, duk ƙauyenmu an shaide ni. Na faɗa masa haka a gaban jama'a. Sai ya juya yare, ya rage murya ya ce, "Ɗana, taka ta samu shiga, mene ne naka a ciki?" Na ce ya maimaita da Hausa kowa ya ji. Aka kira maigadi ya fitar da ni har bakin get. Wata mata da muke majami'a ɗaya ta biyo ni tana cewa, "Bitrus, kai wane irin yaro ne, ana taimakonku kana ɓata wa mutane rai?"

Likitan ƙashi bai ko ga fuskar Dikko ba. Hannatu ya duba, ya ce guringuntsi ne ya yage, guntun da ya ɓalle ya shiga tsakanin gaɓa kamar tsakuwa a bakin ƙyaure. Ya yi mata aiki ya cire. Na gode masa, na gode wa Allah, ba zan ɓoye ba. Yau tana zuwa rafi da ƙafarta.

Kwanakin da muka yi jinya na zaga ɗakin yara gado-gado. Ni ba akawu ba ne, ban ƙirga ba, amma kunnena lafiya lau. Duk yaron da aka ɗaure wa gwiwa, ko yarenmu yake yi ko na maƙwabtanmu. Alhali ran tacewa na ga iyaye masu sanda da malfa a layi. Ina 'ya'yansu suka shiga?

Na huɗu. Da aka sallame mu, Baba Yero ya zo gidanmu da ƙwaryar kindirmo da man shanu, wai a ba yarinya ta yi ƙarfi. Ya durƙusa ya yi wa babanmu barka. Babanmu ya rasa inda zai sa idonsa. Mamata ta shige ɗaki ta ƙi fitowa. Hannatu ce ta tambaya, "Baba, yaya ƙafar Dikko?" Ya ce, "Da sauƙi." Ƙarya ce irin ta mutunci. Na je na gani. Cinyar ta fara shanyewa, yana dogara sanda yana jan ƙafa, ƙannensa ke fita da maruƙa shi yana zaune wajen mata. Tun ranar na daina bin hanyar ruga in ina zuwa gona, zagaye nake ta bayan rafi. Ƙato da ni, ina ɓuya wa yaro.

Na san abin da wasu namu za su ce. Wani abokina ma ya riga ya faɗa mini: wai in je wasu garuruwan in ga yadda ake barin namu yaran ba a duba su saboda sunansu. Ban musa ba, na ji labari, kuma ran da na gani da idona zan rubuta wa nasu likitan. Amma Dikko bai taɓa zuwa garuruwan nan ba. Bai hana kowa gadon asibiti ba.

Abin da nake roƙo, Ranka ya daɗe. A aiko a ɗauki Dikko, ko a ba ni izini in kawo shi, likitan ƙashi ya duba shi da hannunsa a zuwansa na gaba. Rani na matsowa, in rafinmu ya ƙafe Baba Yero zai kaɗa shanu kudu, a ɗora yaron a kan jaki, shi ke nan. A daina auna ciwon yara da ƙarfin maƙogwaro. A ajiye mai jin Fillanci a bakin ƙofar nan, ko mace ce mai tallar nono, ta tambayi yaro a keɓe inda ba zai ji nauyin kowa ba. Nas kuma ban ce a kore shi ba, yana da iyali. A dai sa shi ya sake kama ƙafar nan a gabanka.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya tsare 'ya'yanka daga ranar da za a dubi fuskarsu kafin a dubi ciwonsu.

Kada a kira ni ofis a ba ni kujera a lallashe ni, ba zan zo ba. A gaban jama'a aka mayar da yaron nan, a gaban jama'a nake son amsa. Ka rubuta a jarida, ko ka sa a faɗa a rediyo inda ruga ma za ta ji: za a duba gwiwar Dikko kafin shanu su tashi, ko ba za a duba ba?

Wassalam, ina saurare.

Bitrus, mai fasa citta.