Zakaran Barka da Kajin Inna

Ƙofar Kwaya, Katsina
9 ga Mayu, 1999

Yaya Madina,

Salamu alaikum. Ina gaida ki da kyau. Ya aikin asibiti, ya zafin Dutsin-Ma, ya Malam da yara?

Yaya, gidanmu ya koma kasuwa! Tun da aka ce ƙarshen watan ga sojoji za su koma bariki a rantsar da Baban Rukayya kansila, wallahi ban ƙara zama ba. 'Yan barka ta ko'ina, wani da gero, wani da man shanu. Shekaranjiya wani dattijo daga ƙauye, Malam Mati, ya kawo zakara ja, ƙato, kamar ɗan akuya. Baban Rukayya ya ce kada a yanka, a bari ranar rantsuwa mai shi ya zo ya gan shi yana yawo, ya san an girmama kyautarshi. Sai na sake shi cikin kajin Inna.

Ki zo ki ga kajin nan, Yaya! Shazumama biyu Inna ta rasu ta bar mana, yau sha bakwai ne, dukansu da gashin nan nasu a murɗe. In na watsa masu dawa sai in ji kamar tana bayana tana faɗan na cika hannu.

Zakaran dai yana ɗan atishawa, hancinshi na ruwa. Wahalar mota ce. Na jiƙa mashi barkono da ɓawon maɗaci.

Bala direba zai kawo maki wannan. Ki shirya zuwa, anko shuɗi ne.

Ƙanwarki,
Hajo


Dutsin-Ma
13 ga Mayu, 1999

Zuwa ga Hajo,

Amin wa alaikis salam. Muna lafiya, muna kuma taya ku murna. Allah Ya ba shi ikon riƙe amanar jama'a.

Ki ajiye zancen anko ki saurare ni. Atishawar kaza ba wahalar mota ba ce. Ki ware zakaran nan yanzu, nesa da sauran, da mazubin ruwansa daban. Duk wadda ta fara buɗe baki tana numfashi, ita ma a ware ta. Wadda ta mutu a haƙa rami mai zurfi a binne, kada a jefa bola, kada a ci. Ki aika a kira malamin dabbobi.

Abu mafi muhimmanci, kada ki fitar da ko ɗaya daga gidan. Wadda kike gani garau tana iya kasancewa ɗauke da ciwon.

Ki gaida mai gidan da Rukayya.

Yayarki,
Madina


Ƙofar Kwaya
13 ga Mayu, 1999

Yaya ta kaina,

Gaisuwa a gurguje, Bala na tsaye a zaure. Ban ga amsarki ba tukuna, halan aiki ne.

Yaya, abu ya ɓaci! Zakaran ya mutu, huɗu sun bi shi. Sai ki ga kaza ta miƙe wuya tana minshari, ido ya kumbura, can wuya ya juye. Na yi kuka har Baban Rukayya ya ce baƙi za su ɗauka kujerar aka ƙwace.

Amma Allah Ya kawo dabara! Delu maƙwabciyata ta ce in ciwo ya shigo gida, gudu ake da masu lafiya zuwa wurin dangi, haka kowa ke yi. Kai, mi ya hana ni tunawa tun jiya? Na zaɓo biyu da suka fi kowa ƙoshi, farar da mai toka-toka, ga su nan a kwando. Ki sake su cikin naki su sha iska. Kin ga ko nan ta ƙare, irin Inna ya tsira. Ki yaba mani mana, ko sau ɗaya!

Taki,
Hajo


Dutsin-Ma
16 ga Mayu, 1999

Hajo,

Bayan gaisuwa. Takardata da taki sun yi saɓani a hanya, tawa na tafiya kwandonki na tahowa.

Ba zan ɓoye miki ba, raina ya ɓaci. Kaji talatin gare ni a gidan nan, kika aiko min da ciwo har ƙofa kina jiran yabo. Da ban dawo daga aiki na tarar da Bala yana sauke kwandon ba, da tuni an sake su a tsakar gida. Na so in mayar miki. Sai farar ta leƙo da kai, na ga gashin nan, na kasa.

Suna kangon bayan gida. Ni kaɗai ke shiga, da takalmi daban, in na fito in wanke hannu da sabulu. Nawa kuma an ɗiga musu rigakafi a ido. Kada ki sa rai da yawa, mai toka-tokar ta fara rufe ido.

Madina


Ƙofar Kwaya
30 ga Mayu, 1999

Yaya Madina,

Salamu alaikum. Ki yi haƙuri, don Allah ki yafe mani. Na karanta takardunki biyu har sun yi laushi.

An rantsar jiya! Yaya, garin ga ya cika ya batse, tun daga Ƙofar 'Yandaka ake jin guɗa. Na so kina nan, na san fushi ya hana ki. Ki ji abin dariya: malamin dabbobi ya sa na ajiye kwanon ruwan magani a bakin tsakar gida, kowa sai ya tsoma takalmi. Matan unguwa suka ce tun ba a je ko'ina ba matar kansila ta fara mulki. Na ce mulkin ne, a tsoma!

Malam Mati ya zo yana waige-waigen zakaranshi. Na faɗa mashi gaskiya. Ya ce ai nashi duk sun mutu a mako guda, wannan kaɗai ya rage, shi ya sa ya gudo da shi birni. Kin ji, Yaya. Abin da ya yi mani shi na yi maki. Sai na zuba mashi tuwo.

Nawa sun ƙare ranar Talata. Na binne ta ƙarshe, na ƙone shimfiɗar akurkin, na wanke ko'ina. Da safe har yanzu nakan ɗebo dawa kafin in tuna. Mako biyu ba ki ce komai kan biyun nan ba, kuma tsoron tambaya nake.

Ƙanwarki mai laifi,
Hajo


Dutsin-Ma
17 ga Yuni, 1999

Hajo ƙanwata,

Na yafe tuntuni. Nawa duk lafiya.

Biyun sun mutu tun kafin rantsuwa. Amma farar ta yi ƙwai huɗu a kangon kafin ciwon ya kwantar da ita. Na goge su na sa wa kazata mai kwanci. Ban gaya miki ba don kada ki yi kuka sau biyu.

Uku sun ƙyanƙyashe, kwanansu tara. Yau da safe na ɗaga fiffiken ɗaya na ga gashin ya fara murɗewa. Hajo, ni da nake yi miki faɗan kuka, a nan ƙasa na zauna na yi nawa har na makara aiki.

Ki taho ranar Asabar. Kada ki zo da kwando, gani kawai za ki yi.

Yayarki,
Madina