Shirun Da Na Yi A Gaban Babban Jirgi

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta dace da ke, ina fatan Allah Ya sa kina cikin rahamarSa. Mu nan Doha lafiya lau. Jikokinki suna makaranta, uwarsu tana nan da ƙorafinta na zafi. Na san wasiƙar nan ba za ta iske ki ba, wasu ne za su karanta ta. Duk da haka ke nake yi wa, domin ban saba kai ƙarar kaina wurin kowa ba in ba ke ba.

Wata uku da suka wuce aka karɓe mini lasisi. Takardar nan ta kyaftin nake nufi, wadda na aiko miki da hotonta kika sa aka liƙa a bangon ɗakinki a Yawuri, ko da yake ba ki iya karanta ko harafi ɗaya a jikinta ba. Kin san yadda na same ta. A sakandare na tsaya, ita ma da ƙyar. Na wanke jiragen mutane a Legas shekara shida, na ja igiya har tafin hannuna ya daina jin zafi, na zauna jarrabawa da 'yan jami'a na wuce wasunsu. Ba wanda ya ɗauke ni ya ɗora. Ina faɗin wannan duk inda na zauna, wataƙila ma fiye da kima.

Ban taɓa yi miki bayanin aikina yadda ya kamata ba. Kina ce wa mutane, "Yana tuƙa jirgin ruwa a ƙasar Larabawa," ni kuma na bar shi haka don ya fi daɗin ji.

Tekun nan yana da faɗi, amma kusa da gaɓa ba shi da zurfi. Shi ya sa aka haƙa hanya guda a ƙarƙashin ruwa, doguwa, siririya, aka jera gangunan ƙarfe masu fitila a gefenta, ja a hannu ɗaya, kore a ɗayan. Jirgin da ke bi ta nan ya fi layinmu tsawo, an jibga masa kwantenoni har sama. Ba shi da birki, Inna. In ka kashe injinsa yanzu, sai ya yi tafiyar da ta fi daga gidanmu zuwa tashar mota kafin ya tsaya. In ya kauce kaɗan ya hau yashi, ya toshe hanya ke nan, duk waɗanda ke layi a bayansa sai su jira.

Saboda haka ba a barin kyaftin baƙo ya shigo da kansa. Akwai mutumin da ya san hanyar kamar tsakar gidansu, failot ake ce masa. A kai shi can waje, ya hau tsanin igiya ya shiga jirgin, shi ke cewa a rage, a ƙara, a karkata. Akwai kuma hasumiya mai ba da izini, wa zai shiga, wa zai dakata. Ni nawa jirgin ƙarami ne mai ƙarfi, jirgin ja, wato mai jan manyan. Nakan je daidai hancin babban, su jefo mana siririyar igiya, mu ɗaura musu tamu mai kauri su ja ta sama, sannan mu riƙe masa kai har a jingina shi.

Dokoki suna da yawa, biyu kawai zan gaya miki. Duk umarnin da aka ba ka a rediyo sai ka maimaita shi, a tabbatar ka ji. Ta biyu, ba a shiga ƙarƙashin hancin jirgi in gudunsa ya wuce ƙa'ida, domin ruwan da yake turawa yakan tsotse ƙaramin jirgi ya manna shi a jikinsa. In kyaftin jirgin ja ya ga haka, wajibinsa ne ya ce a'a, a rage gudu tukuna, ko wane ne ya ba da umarnin. A rubuce take. Na sa mata hannu. Na ma koya wa wasu.

Failot ɗin ranar Alhaji Sadisu ne, mutumin Zangon Takoradi a Gana. Kun taɓa gaisawa a waya, kika ce Hausarsa kamar ta mai cin tuwo da zafi. Lokacin da na zo garin nan ina kwana ɗaki ɗaya da mutum shida a unguwar Mansura, shi ya ji ina Hausa a bakin masallaci bayan Juma'a, ya kira ni. Ya riƙa zaunar da ni a falonsa a unguwar Ain Khaled yana yi mini tambayoyin dokokin ruwa kamar ɗan firamare, in na faɗi ya ce, "Kai Bayawuri, kifi ma ya fi ka sanin hannun dama." In ina ba da labarin yadda na gina kaina, nakan tsallake wannan wurin.

Kin tuna ranar da Kawu Ɗanladi ya gaya wa baƙi ranar kasuwa ba daidai ba, na gyara masa a gabansu? Ba ki ce komai ba sai da suka tafi. Kika kama kunnena kika ce, "Ko da ya ce rana daga yamma take fitowa, kai ka ce to. In ka ga kuskure, ka bi shi ɗaki ka gaya masa." Ba ki ce in yi ƙarya ba. Cewa kika yi in jira. Da wannan na zauna da manya a Legas, da shi na zauna da su a nan, kuma ya buɗe mini ƙofofi.

Bayan Azahar ne abin ya faru. Iskar arewa da suke kira shamal tana kaɗawa, jirgin kuma dogo ne, iska tana bugunsa kamar katanga. Alhaji ya bar masa gudu don kada ta ture shi gefe. Akwai wani jirgin yana biye. Alhaji ya kira ni a rediyo ya ce in shiga in karɓi igiya, yalla, wato maza.

Na duba allon da ke gabana. Gudun ya wuce. Na sake dubawa, ya wuce. Babban yatsana yana kan maɓallin rediyo. Wannan rediyon kowa yana ji: hasumiya, kyaftin baƙo, sauran jiragen ja, har direban ƙaramin jirgin da ya kai Alhaji. Na ce a raina, mutum mai farin gemu, mutumin da ya koya mini aikin, ni zan ce masa ya yi kuskure a gaban duk waɗannan? Na ce ai ya sani, zai rage kafin in isa. A kan ruwa babu ɗakin da zan bi shi. Na danna maɓallin, na maimaita umarninsa kalma da kalma, na shiga.

Ruwan ya ja mu kamar yadda aka rubuta zai yi. Muka bugu da jikin jirgin, namu ya kwanta gefe har ruwa ya hau bisa. Raju, wani ɗan Nepal mai 'ya'ya biyu, shi ke gaba yana jiran igiya. Aka wurga shi jikin injin naɗe igiya, ƙafarsa ta karye wuri biyu. Na ba injina duk wutar da ke ciki, Allah Ya fitar da mu. Mu huɗu ne a ciki. Babban jirgin ya shiga lafiya, ko fenti bai rasa da yawa ba.

Kafin ranar bincike wani abokin aikina ya same ni a wurin shan shayi. Ya ce, "Ka ce rana ce ta haske allon ba ka gani ba, shi ke nan. Ai shi ya ba da umarni." Na yi tunanin maganar, ba zan ɓoye miki ba. Da ta wanke ni, ta bar Alhaji shi kaɗai da kayan, a shekarunsa na ƙarshe a aiki.

Mutum uku ne a kwamitin. Suka kunna abin da rediyo ta naɗa. Na ji muryata, a natse, ba ko rawa, tana maimaita umarnin. Suka tambaye ni ko na ga gudun. Na ce na gani, sau biyu. Suka ce me ya hana ni magana. Na ce babba ne. Shugaban ya ɗauka ban fahimci tambayar ba, ya sake yin ta a hankali. Na sake ba shi amsar. Ya rubuta wani abu, ya ce in ajiye lasisin a kan tebur sai sun neme ni.

Da yamma na je gidan Alhaji. Na zaci zai gode mini. Ashe shi tuni ya amsa nasa laifin a rubuce. Ko zama bai ce in yi ba. Ya ce, "Kai a ganinka girmama ni ka yi? Ka bar ni na karya ƙafar bawan Allah don kada in ji kunya a rediyo? Ni ina can sama ina faɗa da iska, hancin jirgin ma ba na gani. Kai ne idona a wurin nan, Sama'ila." Na ce to. Ya ce, "Ka ga? Har yanzu to kake cewa."

Wata uku na yi a gida, ina kai yara makaranta ina ɗauko su. Maƙwabta suka ɗauka hutu nake, na bar su a haka.

Na je duba Raju a masaukinsu can wajen Asian Town bayan an sallame shi. Da ya gan ni ya yunƙura zai miƙe da sanda, na ce ya zauna. Muka yi hira da guntun Turancinmu. Can ya ce mini shi ma ya gani. Ya ce ya ga ruwan da hancin jirgin ke turawa ya yi tsayi, ya san ba haka ya kamata ba. Na ce me ya hana ka ɗaga mini hannu? Ya yi murmushi ya ce, "Kai ne kyaftin. Kuma ba ka son a gaya maka abu."

Shekara biyar yana tare da ni, Inna. Ban taɓa sanin haka suke kallona ba. Na koma mota na daɗe ban tayar da ita ba.

Makon jiya kwamitin ya kira ni. Sun ce za su mayar mini da lasisi, da sharaɗi guda: in tsaya a gaban sababbin kyaftin da failot-failot da ake horarwa, a kunna muryata, in yi musu bayanin abin da na gani da abin da na yi. Kin san ɗanki. Da sun ƙara mini wata uku ya fi mini sauƙi. Na yi kwana biyar ina cewa gara in tattara iyalina in koma Legas. Matata ta saurare ni har na gama, ta ce, "To ka koma ka ce musu me ya dawo da kai?"

Jiya na yi. Ɗakin cike da samari masu digiri, wasu ban girmi iyayensu da komai ba, wasu sa'annin ƙannena. Aka kunna. Na tsaya ina jin kaina a gabansu. Na nuna musu a allo inda nake, inda jirgin yake, da lokacin da ya kamata in buɗe baki. Wani ya tambaye ni wace kalma ya kamata in faɗa. Na ce masa gudu ya yi yawa, ba zan shiga ba, a rage. Kalmomin ke nan gaba ɗaya. Da na faɗe su da ƙarfi na ji yadda suke gajeru.

Alhaji yana kujerar baya. Ya daina hawa tsanin igiya, yanzu koyarwa yake. Da aka tashi ya zo ya wuce ta gefena, bai tsaya ba, ya ce, "Bayawuri, ranar Juma'a akwai shinkafa da wake. Ka zo da yaran."

Sun miƙo mini takardar a ambulan. Ranar Lahadi zan koma ruwa. Raju sai nan da wata biyu, kuma likita ya ce zai ɗan riƙa ɗingishi. Wannan ba kwamitin da zai mayar masa.

Ban rubuto don in ɗora miki komai ba, Inna. Abin da kika ba ni mai kyau ne, ni na kai shi inda ba wurinsa ba. Ina dai so a ce kina nan in zauna a bakin tabarmarki in gaya miki da baki, ki yi shirun nan naki, sannan ki tambaye ni ko na ci abinci. Na yi kewarki a watannin nan fiye da shekarar da kika rasu.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki kurakuranki, Ya haɗa ki da iyayenki a Aljanna. Allah Ya ba Raju lafiya, Ya sa ya yafe mini har cikin zuciyarsa. Ya tsare duk wanda ke kan ruwa, babba da ƙarami. Amin.

Ɗanki na fari, wanda har kika koma ga Allah ba ki taɓa kiran sunansa ba,

Sama'ila
Doha