Faifan Modibbo Ya Maƙale

Gwandu,
7 ga Agusta, 1999.

Zuwa ga Yaya Siddiƙu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Jummai da yara. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal da ba ya gajiya? Mu nan alhamdu lillahi, damina ta yi kyau, gero har ya fara fitar da kai a gonarmu ta Masama.

Yaya, ba daɗi ne ya sa na ɗauki biro ba. Kwamfutar da ka kawo wa Baba ta riƙe faifan Modibbo, ta ƙi saki. Jiya Juma'a na dawo daga wurin aiki a Kalgo, na tarar da Baba zaune gabanta yana kallon baƙin allo. Na danna maɓallin durowar faifai, 'yar fitilar ta yi ƙifta-ƙifta, aka yi wata ƙara daga ciki kamar ana niƙa tsakuwa, sai shiru. Na sa allura cikin 'yar hudar nan da ka nuna mini, na tura har allurar ta lanƙwashe. Ko motsi durowar ba ta yi ba.

Bari in tuna maka abin da ke ciki, tunda mantuwa ba ta yi maka wuya. Littattafan da kakanmu Modibbo ya rubuta da hannunsa ne duka, waɗanda ka ɗauki hotonsu shafi-shafi kafin ɗakin littattafai ya rufta a daminar bara. Ba ka ga takardun ba bayan ruwan, ni na gani. Da hannuna na kwashe su sun zama kunu. Kuma kai ka ce cikin kwamfutar ba shi da wurin ɗaukarsu, sai dai a riƙa karantawa daga faifai. To ga faifan, ga mu.

Jikin Baba sai a hankali. Tarin nan bai bar shi ba, abinci kuma sai an yi da gaske. Idonsa ya ƙara rauni, rubutun mahaifinsa ba ya ganinsa sai na ƙara masa girma a allo. Shi ne abin da yake tashi dominsa da safe. Yanzu bai yi faɗa ba, bai tambayi kowa ba, shirun nan nasa ne ya fi damuna.

Na tambayi Inna ko wani ya taɓa, ta ce ita dai ba ta ga baƙo ya shiga ɗakin ba, ta ci gaba da tankaɗe. Da na shafa bakin durowar sai na ji danshi, alhali rufin ɗakin ba ya yoyo.

Don Allah ka gaya mini kana da wani faifan a ajiye. Kada ka yi mini irin amsarka ta wata uku.

Ka gai da Jummai, ka shafa mini kan yara.

Ƙanwarka,
Rahamatu.

Kalgo,
25 ga Agusta, 1999.

Yaya Siddiƙu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya, da fatan zazzaɓin Jummai ya sauka. Allah ya ƙara sauƙi.

Takardarka ta iso ta hannun direba. Na karanta a tsaye, sai da na nemi kujera. Wato babu wani faifan a ajiye, injin da ka yi aikin da shi ma ya ƙone tun bara, kuma ba ka ga ya kamata ka faɗa wa kowa ba? Mutum mai digiri biyu ya zuba ƙwansa duka a ƙwarya ɗaya ya tafi Fatakwal. Ba zan yi maka faɗa a takarda ba, na ajiye maka sai ka zo.

Na ɗauko kwamfutar zuwa nan Kalgo. Akwai wani Malam Jibrin da ke zuwa daga Birnin Kebbi yana duba injinan ofishinmu, shi na kai wa. Ranar da za mu taso Inna ta naɗe ta da sabon zane, ta ce kada a ajiye ta a ƙasa, kada a ɗora mata kaya, kuma mai gyara ya yi alwala. A cinyata ta zo tun daga Gwandu. Malam Jibrin bai yi dariya ba, ya tashi ya yi alwalar.

Ya kwance bayanta, ya zare waya biyu, ya ciro akwatin faifan gaba ɗaya. Da ya girgiza shi kusa da kunnensa sai fuskarsa ta sauya. Ya ce robar da ke jan durowa ta zame, haƙoran da ke turo ta sun yi tsatsa, faifan kuma ba ya zaune daidai a mazauninsa, ya karkace ya tokare ƙofa. Ya tambaye ni ko an zuba mata ruwa. Na ce a ɗakin Baba ko kofin shayi ba a ajiyewa kusa da ita. Sai ya kife akwatin a kan farar takarda ya ɗan buga, wasu ɓarɓashi masu ƙyalli suka zubo kamar ɓawon kifi. Na ce mene ne wannan? Ya ce gara ya buɗe tukuna kafin ya yi magana.

Bai buɗe ba ranar, domin in ya tilasta faifan zai iya tsagewa. Sai ya samo sabuwar roba da ƙaramin sukundireba daga Sakkwato. Yaya, tun ranar ɓarɓashin nan ke yi mini yawo a ido. Ina buga takardar ofis, sai in ga na tsaya hannuna a sama. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba.

Asabar da na je gida Baba bai iya fitowa zaure ba. Inna kuwa sai tambayata take yaushe za a dawo da faifan, wai tana da bukatarsa. Ban san me Inna za ta yi da faifai ba.

Ka sa mu a addu'a. Gaisuwa ga mutanen gida.

Taka,
Rahamatu.

Gwandu,
5 ga Satumba, 1999.

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, ka nemi wuri ka zauna.

An gyara. Malam Jibrin ya cire murfin akwatin, ya goge tsatsar, ya sa sabuwar roba, ya share 'yar ƙwayar da ke karanta faifai da auduga. Ya gwada da wani faifan nasa, durowa na shiga tana fita kamar sabuwa. Namu kuwa da ya ɗago shi, ta cikin faifan na hango fuskar Malam Jibrin. Farin bayan nan mai ƙyalli ya saɓule, saura ɗan kaɗan a gefe. Ya ce a jikin wannan fatar rubutun yake. Ya ce babu mai gyara wannan, ko a Legas.

Na zo gida na sami Inna a madafa na nuna mata. Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce ai ita ta wanke shi. Ta ga jikin Baba ya ƙi, maganin asibiti ya ƙi, ta tuna duk garin nan ba a taɓa rubutun sha irin na Modibbo ba, ga shi kuma dukan rubutunsa a wuri ɗaya. Ta danna inda ta ga ina dannawa, ta ciro, ta sa a ƙoƙo. Da ta ga tawada ba ta fita sai ta jiƙa shi a ruwan ɗumi, ta murza da soso yadda ake wanke allo mai taurin tawada, ta tace, ta sa zuma ta ba Baba. Sannan ta mayar da shi da ruwansa don kada Baba ya farka ya ga babu.

Na ɗaga murya, Allah ya yafe mini. Na ce Inna, allo in an wanke ai rubutu tafiya yake yi. Ta dube ni da mamaki, ta ce ba ni ce na faɗa wa Baba ranar da ɗaki ya rufta cewa ya daina kuka ba, wannan rubutun ko ruwa ba ya cinsa? Ni ce, Yaya. Lallashi nake yi, ita kuwa ta riƙe maganar. Na rasa wanda zan yi fushi da shi, na shiga bayan ɗaki na yi kukana.

Baba ya ji an dawo da kwamfuta, ya ce a zaunar da shi gabanta. Na kunna, na bar allon fari fat ba komai a kai, ina jiran ya tambaya in faɗa masa. Sai ya matso da fuskarsa, ya ɗora yatsa a gilashin, ya yi murmushi ya ce ga hannun Modibbo nan. Ya fara karantawa, yatsan na bin layi daga dama zuwa hagu. Ya kai ƙasa ya ce in juya masa shafi. Na danna wani maɓalli, ya ci gaba.

Baba ba ya gani ko kaɗan, Yaya. Ban san tun yaushe ba. Abin da ya rage na Modibbo a duniya yana cikin kansa, kuma ban san iyakar abin da ya haddace ba. Na gwada rubuta abin da yake faɗa, Larabcina bai kai ba, kuma ba zan ce ya maimaita ba, don a ganinsa ga shi nan rubuce a gabanmu.

Ka nemi izini a wurin aiki, in sun hana ka taho haka nan. Ka zo da rikoda da kaset iyakar abin da jakarka za ta ɗauka. Jiya ya yi shafi huɗu kafin tari ya tsayar da shi. Yau bai kai ƙarshen na biyu ba.

Inna na gaishe ka. Allah ya kawo ka lafiya, ya sa ka same shi.

Ƙanwarka,
Rahamatu.