Wanzamin Ƙofar Sansani

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar Baba? Lafiyata lau, kada gemun da ke hoton nan ya tsorata ki.

Da nake aikin soja a gida, ɗan tawaye ko fuska ya rufe na san kakarsa. A nan ƙasar mutane kuwa, wata huɗu muna neman shugaban 'yan tawaye, ashe shi ne wanzamin da ke mana aski a ƙofar sansani. Duk garin sun sani.

Da muka kama shi na ce, "Me ya hana ka yanka ni?"

Ya ce, "Kai baƙo ne, gobe za ka tafi. Don sojojin ƙasarmu nake wasa askata."

A taya ni da addu'a, Inna. Aski kuma sai na dawo.

Ɗanki.