Birkin Moton Lokotoro da Tafiyar Baba Dogo

Daga ƙaninka Inusa maƙeri, a Birnin Damagaram, zuwa ga Yaya Tanimu a Fagge, Kano.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka duka. Mu nan sai godiya. Hatsi ya shiga rumbu, Rabi ta yaye ɗanta, Baba kuma ƙafafun nan nasa suna nan yadda ka bar su.

Yaya, sai haƙuri. Allah ya yi wa Gwaggo Halima ta garin Dogo rasuwa ranar Talatar da ta wuce. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Na san Baba ne zai fara zo maka a rai, tunda ita kaɗai ta rage masa a ɗakinsu, kuma ya daɗe ba ya iya zaman jaki. To, ya gan ta da rai, sun yi sallama. Yadda hakan ta faru ne ya sa na zaunar da Malam Suma'ila ya rubuta maka, don ni kaina har yau abin bai sake ni ba.

Akwai wani lokotoro, likitan Nasara, da ya zo da moto, abin da kuke ce wa babur. Ƙafa biyu gare ta, da wani kwando mai ƙafa ɗaya a gefe. Wata safiya sai ga shi da tafintansa Bukar sun turo ta har bakin maƙera. Bukar ya ce birkinta ya cinye, sabo kuwa sai daga ƙasarsu. Lokotoro ya durƙusa a cikin toka ya nuna mini. A jikin ƙafar baya akwai zoben ƙarfe, in an taka wani ƙarfe da ƙafa, sanda ta ja, sai wani ɗan guntu ya matse zoben, moto ta tsaya. Yaya, guntun nan bai kai tafin hannuna ba, amma shi ke riƙe abin da ya fi doki gudu. Na daɗe ina juya shi a hannu.

Na miƙe sandar da ta lanƙwashe, na sassaƙa guntun icen aduwa, na lulluɓe shi da jemammiyar fatar akuya. Da lokotoro ya gwada a gangaren bayan ganuwa, moto ta ƙi tsayawa, sai da ta kutsa cikin dangar wani mutum. Allah ya tsare, gwiwa kawai ya kuje. Bai yi faɗa ba, ya shafa fatar ya shinshina, ya ce mai ne a jikinta, birki kuwa ba ya shiri da mai ko kaɗan.

Baba yana daga zaure yana jin komai. Ka san tun da Nasara suka shigo bai ƙara taɓa guduma ba. Ranar sai ya ce a kawo masa guntun. Ya lalube shi da yatsu, ya ce a nemo busasshiyar fatar wuyan bijimi wadda ba a jeme ba, a kafa ta da ƙusoshin tagulla. Lokotoro ya ƙara da cewa a nutsar da kawunan ƙusoshin cikin fata kada su ci zoben. Haka suka zauna, tsoho da Banasare, Bukar a tsakiya yana juya magana, ni ina bugu. Da aka sake gwadawa, moto ta yi wata ƙara ta tsaya cik, kamar an ja linzami. Lokotoro ya koya mini in riƙa kakkaɓe yashi, in murɗa ƙusar sanda in fata ta fara ci.

Washegari saƙo ya zo cewa jikin Gwaggo ya tsananta. Baba ya ƙi cin tuwo. Da na ji wurin Bukar cewa lokotoro zai je Dogo yin lambar rigakafin cutar agana, sai na cire kunya na ce ba na son lada, a ɗauki Baba kawai. Ya yarda. Ni fargabata Baba ne, amma da na gaya masa sai ya ce, “Abin da na san yadda ake tsayar da shi, ba na tsoron hawansa.”

Bukar ya riga mu tafiya a kan doki. Muka tashi bayan asuba, Baba a kwando da matashi ƙarƙashin ƙafafunsa, ni a bayan lokotoro na riƙe ɗamararsa. Yaya, ban san yadda zan kwatanta maka ba. Itatuwa ne ke tahowa su wuce. Iska ta cika mini baki har salati ya ƙi fita. Garuruwan da muke yada zango mu sha fura, kafin in gane su sun koma baya. A wani kwari muka yi kiciɓis da shanun Fulani sun cika hanya. Na ga ƙafar lokotoro ta sauka, na ji ƙaurin fata, muka tsaya har wata saniya tana hura wa Baba numfashi a rawani. Na duba shi, sai na ga yana kallon ƙafar baya yana gyaɗa kai.

Tafiyar yini guda, hantsi bai gama ɗagawa ba muka isa. Mutanen Dogo suka watse da jin rugugi, sannan suka dawo suka kewaye mu. Na goyi Baba zuwa ɗakin Gwaggo. Idanunta sun riga sun tafi, da aka ce ga yayanta sai ta ce kada a yi mata wasa, jiya-jiya aka aika. Ya kama hannunta ya ɗora a fuskarsa. Ta shafa gemunsa, ta ce, “Ɗanlami, kai ne? Ka tsufa.” Ban taɓa jin wani ya kira Baba da wannan suna ba. Ya yi dariya, hawaye na zuba, na fita na ba su wuri. Ya zauna wurinta har ta cika, shi ya yi mata addu'ar ƙarshe. Yana can har a yi bakwai, lokotoro ya ce zai biya ya ɗauko shi.

In ka sami mai zuwa, ka aiko mini ƙusoshin tagulla ƙanana daga kasuwar Kurmi. Ina so in sa sabuwar fata kafin a je ɗauko Baba.

Ka gai da Yaya Balaraba da yara, Usman da Kulu, ka yi musu ta'aziyyar kakarsu. Ka gai da Kawu Idirisu. Inna da Rabi suna gaishe ku. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne ƙaninka,
Inusa.