Injin Jirgin Baba Ya Buga

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Anti Binta da yara. Yaya aiki, yaya zaman Fatakwal? Mu nan Ƙofar Sauri lafiya lau, sai hayaniyar 'yan siyasa tun da soja suka sauka.

Maganar injin ƙaramin jirgin saman feshin nan ce, na zauren marigayi Baba, wanda ya faɗo a rabonka na gado. Kawu Bala ya kai shi shagonsa na Batagarawa zai haɗa injin niƙa. Na ce a nemi izininka, ya ce, "Ɗana ne, ba sai na tambaye shi ba."

Ya nemi wurin zuba ruwa ya rasa, don injin ba shi da lagireto. Fistin huɗu ne a kwance, biyu dama biyu hagu, iskar sama ke sanyaya su. Cikin shago kuwa babu iska. Haka nan Kawu ya tayar da shi, kafin la'asar injin ya buga.

An maido shi zaure. Inna tana nan tana goge shi kowace Juma'a yadda Baba ke yi, ba wanda ya gaya mata ya lalace.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida mutanen gida.

Ƙaninka,
Lawal